Clessie Cummins: Direban Gidan Mai Banki Da Ya Ɗora Injin Dizal A Kan Titi

Duk wanda ya yi IT a banki, ko babban asibiti, ko wata masana'anta mai ƙaton janareta, da wuya a ce bai ci karo da sunan Cummins a jikin injin ba. Da yawa suna ɗauka sunan kamfani ne kurum, irin waɗanda ake ƙirƙira a ofis. To, sunan mutum ne, bakanike kuma direba, wanda ko sakandare bai gama ba. Abin da ya sa na zaɓi in kawo tarihinsa a wannan fitowa shi ne musun da ya ƙi ƙarewa tsakanin 'yan sashen injiniyan motoci, tun da aka fara yawo da bidiyon Amurkawan nan masu cire kamshaf ɗin a-kori-kurarsu ta dizal su sa na kasuwa wai don ƙarin ƙarfi. Injin da suka fi yi wa wannan aiki sunan mutumin nan yake ɗauke da shi, kuma shi kansa babbar ƙirƙirarsa ta ƙarshe a kan kamshaf ta tsaya. Zan zo kan musun, amma bari mu fara da mai sunan.

An haifi Clessie Lyle Cummins ranar 27 ga Disamba, 1888, a karkarar jihar Indiyana ta Amurka. Sana'ar mahaifinsa ta shafi haɗa gangunan katako, sana'ar da ke sa mutum bin inda itace yake, don haka iyalin ba su cika daɗewa wuri ɗaya ba. Karatun bokonsa a aji takwas ya tsaya, wato kwatankwacin JSS 2 a wajenmu. Amma yana ɗan shekara 11 ya haɗa injin tururi da hannunsa. A 1904 iyalin suka sauka a garin Columbus na jihar, garin da har yau nan ne hedikwatar kamfanin.

Ya ɗan taɓa aiki a kamfanonin motoci na Indianapolis, ciki har da Marmon. A 1908 wani mai banki a Columbus, William G. Irwin, ya ɗauke shi direban gidansa, yana tuƙa musu Packard yana kuma gyara ta. Ku riƙe sunan Irwin ɗin nan, don in babu aljihunsa da babu labarin. A 1911, lokacin da aka yi tseren Indianapolis 500 na farko, Clessie na cikin makanikan da ke kula da motar Marmon ɗin da Ray Harroun ya ci tseren da ita. Bayan shekara biyu ya buɗe garejinsa, da tallafin maigidansa, kuma a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya garejin ya samu kwangilar sassaƙa kayan ƙarfe na sojoji.

A wancan zamani injin dizal ba abin mota ba ne sam. Bajamushe Rudolf Diesel ya tayar da nasa a 1897, kuma abin da aka sani shi ne ƙaton ƙarfe mai nauyin tsiya, mai juyawa a hankali, wanda ake girkewa a masana'anta ko a cikin jirgin ruwa. Matsalar ita ce yadda za a auna ɗan man da bai wuce ɗigo ba, a harba shi cikin iskar da aka matse, a daidai lokacin da ya kamata, sau ɗaruruwa a minti guda. Wannan matsala ta auna mai da lokacin harba shi ita ce ta cinye mafi yawan rayuwar Clessie.

A watan Fabrairun 1919 aka kafa Cummins Engine Company, ƙwaƙwalwa ta Clessie, kuɗi na Irwin. Sun fara da ƙaramin inji mai ƙarfin doki 6 wanda suka sayi lasisin ƙirarsa daga wani kamfani mai suna Hvid, suna sayar wa manoma ta hannun kantin Sears. A nan suka sha kashi. Sears na da tsarin cewa in kaya bai yi maka ba ka dawo da shi a ba ka kuɗinka. Sai manoma suka gano lagon: a sayi inji ɗaya, a yi aikin kaka da shi, maƙwabta ma su ara, in an gama a mayar a karɓi kuɗi. Ga shi injin kansa yana da nasa laifuffukan. Wayon manomi dai ko'ina ɗaya ne.

Daga nan Clessie ya bar ƙirar wasu ya koma tasa. A 1924 ya fito da injin da ake kira Model F mai harba mai kai tsaye cikin silinda, sannan Model U a 1928, kuma masu jiragen ruwa na shaƙatawa suka fara saye. Kafin a ce kwabo, kasuwar hannun jari ta Amurka ta rushe a ƙarshen 1929, masu kuɗin da ke sayen jiragen suka ɗaure bakin aljihu. Shekara goma Irwin yana zuba kuɗi ba riba, ya fara maganar rufe wurin.

Abin da gogan naku ya yi shi ne ya sayo tsohuwar Packard, ya cire injin fetur ɗinta, ya cusa mata Model U, injin da aka ƙera domin jirgin ruwa. Ranar Kirsimetin 1929 ya ɗauki Irwin yawo a ciki. Tsohon direba ya sake tuƙa maigidansa, amma a wannan karon a motar dizal ta farko a Amurka. A watan Janairun 1930 ya tuƙa ta daga Indianapolis zuwa baje kolin motoci na New York, kusan mil 800, wato sama da kilomita 1,200, tafiyar da ta fi Kano zuwa Legas. Man da ya sha na dala 1 ne da santi 38. Jaridu suka ɗauka, Irwin ya fasa rufe kamfani.

Ni a ganina a nan ne ake gane irin kan mutumin. Ba shi da kuɗin talla, ba shi da takardar da zai nuna wa manyan injiniyoyin Detroit, sai ya mai da titi ya zama wurin gwajinsa kuma allon tallarsa. A farkon 1931 ya sa injinsa a jikin motar tsere ta Duesenberg ya wuce mil 100 a awa a bakin tekun Daytona. A watan Mayun shekarar ya shigar da motar tseren Indianapolis 500, Dave Evans na tuƙi. Ba ta zo ta ɗaya ba, ta 13 ta zo cikin motoci 40. Amma ita ce mota ta farko a tarihin tseren da ta cinye mil 500 ɗin ba ta tsaya ko sau ɗaya ba, ba shan mai, ba gyara, kuma galan 31 kacal ta sha. Mai tirela da ke lissafin kuɗin mai bai damu da wa ya ɗauki kofi ba, wannan lambar ta 31 ita ce ta shiga kunnensa.

A watan Agustan 1931 ya ɗauki babbar mota da kaya, shi da Evans da wani abokin aikinsu Ford Moyer, daga New York zuwa Los Angeles. Mil 3,214, awa 97 da minti 20 na tafiya, man dala 11 da santi 22. Sai dai saura ƙiris tafiyar ta zama ajalinsu. A Kalifoniya akwai wata doguwar gangara da ake kira Cajon Pass, wadda ke sauka zuwa San Bernardino. Clessie ne a kan sitiyari da almuru, birki ya yi zafi ya daina kamawa, ya yi ya yi ya sauko da giya ta ƙi shiga, mota sai ƙara gudu take. Can ƙasa kuma ga jirgin ƙasa na kaya yana ratsa titin. Taragon ƙarshe na wucewa suna isa kan layin dogon. Duk wanda ya taɓa sauko Hawan Kibo a bayan tirela mai kaya, yana jin ƙaurin birkinta, ya san irin abin da ake magana.

A nan sai mun ɗan shiga aji, don in ba a gane dalilin ba, ba za a gane abin da ya yi daga baya ba. Motar fetur in ka ɗaga ƙafa daga totur, akwai murfin da ke toshe hanyar iska, sai fistin ya riƙa jan iskar da babu, wannan wahalar ita ke riƙe mota a gangara. Injin dizal ba shi da wannan murfi, hanyar iskarsa a buɗe take kullum, da mai kawai ake sarrafa shi. To ai yana matse iska sosai, me zai hana matsin ya riƙe motar? Yana riƙewa mana, lokacin da fistin ke hawa. Amma da ya kai ƙololuwa ya juyo, iskar da ya matse sai ta turo shi ƙasa kamar sifirin, ta mayar masa da kusan duk ƙarfin da ya kashe. An ba ka da dama an karɓe da hagu. Shi ya sa duk nauyin tsayar da motar ke komawa kan birkin taya, shi kuwa in ya yi zafi ya gama aiki.

Clessie ya ajiye wannan a ransa sama da shekara 20, don akwai abin da ya fi gaggawa: kamfanin bai fara cin riba ba. A ƙarshen 1931 ya sa babbar mota mai sabon injinsa Model H ta yi ta zagaya filin tseren Indianapolis har mako biyu ba tsayawa, sama da mil 13,000. Wannan Model H ɗin da 'ya'yansa su ne suka riƙe kamfanin shekaru da dama. Irwin na da hannu a wasu kantunan kayan abinci a Kalifoniya masu suna Purity, sai aka sa injinan a motocinsu na dakon kaya, sauran masu motoci suka ga yadda suke hawa duwatsu da ɗan mai kaɗan. A 1934 ya kai motoci biyu tseren Indianapolis, ɗaya mai inji bugu biyu, ɗaya mai bugu huɗu, don ya raba wa kansa gardama, kuma daga ranar ya tsaya a kan bugu huɗu. Riba ba ta zo ba sai 1937, shekara 18 bayan kafa kamfani. Ku nemo mini mai kuɗin da zai yi wannan haƙuri da tsohon direbansa.

Amma haƙurin na da farashi. Duk kuɗin da Irwin ya zuba ya ƙara wa iyalinsa ƙarfi a kamfanin, har ya kasance suna na Cummins ne, ragama kuma ta gidan Irwin. Tun 1934 aka kawo J. Irwin Miller, matashi ɗan gidan wanda ya yi karatu a Yale da Oxford, ya zama babban manaja. Irwin ya rasu a 1943. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu Clessie ya yi wa gwamnati aiki a Washington a kan harkar samar da injina, bayan yaƙi kuma ya koma Kalifoniya da zama, nesa da masana'antar. Dangantaka ta yi tsami a kan abin da ya cancanci a biya shi da kuma haƙƙin ƙirƙire-ƙirƙirensa, har a tsakiyar shekarun 1950 ya raba gari da kamfanin da ke ɗauke da sunansa.

Wani zai ce kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Ni ban tafi har can ba. Miller ya iya riƙon kamfani, a hannunsa ya zama na duniya, kuma Clessie mutum ne da zaman ofis ba ya cikin jininsa. Abin da nake so masu yin furojet na ND da HND su lura da shi shi ne, mutumin da ya mallaki takardun haƙƙin ƙirƙira 33 a Amurka ya wayi gari sai ya yi ciniki da wasu a kan amfanin tunaninsa, saboda yadda aka raba hannun jari tun farko. Wanda duk wani Alhaji ya ce zai zuba wa kuɗi a kan injin da ya haɗa, ya karanta takarda da kyau kafin ya sa hannu.

Yana da shekara kusan 67 ya koma kan matsalar Cajon Pass, a ɗan wurin aikin da ya kafa a gidansa na Sausalito, ɗansa Lyle na taya shi. Maganin a baki mai sauƙi ne: in fistin ya gama matse iska, kafin ta turo shi, a buɗe bawul ɗin fitar hayaƙi ta tsere. Inji ya sha wahalar matsewa, bai samu ladan ba, ya zama kwamfuresa mai cinye gudun mota. Wahalar ita ce me zai buɗe bawul ɗin a wannan ɗan taƙin lokaci, a kowace silinda, a kowane gudu.

Kamshaf dai kun san shi, sandar nan mai tozaye da ke juyawa sau ɗaya duk lokacin da karanshaf ya juya sau biyu. Kowane tozo na tura bawul ya buɗe, tsayin tozon ne ke faɗin iya buɗewar, faɗinsa kuma ke faɗin daɗewar. Hanyar da kowa zai fara tunani ita ce a ƙera sabon kamshaf mai ƙarin tozo. A 1957 Clessie ya lura ba sai an yi haka ba. Manyan injinan Cummins na lokacin tozo uku gare su a kowace silinda: na shigar iska, na fitar hayaƙi, da na uku mai danna injekta. Shi wannan na ukun yaushe yake tashi? Daidai ƙarshen matsa iska, lokacin da ake harba mai, wato daidai lokacin da yake nema. Sai ya ɗora wani ɗan akwati a saman inji mai ƙananan fistin biyu da bakin man inji a tsakaninsu. Direba na kunna makunni, an yanke mai, motsin da tozo na uku ya yi sai fistin na farko ya ɗauka, bakin mai ya kai shi ga na biyu, na biyun ya danna bawul ɗin hayaƙi. Ko taɓa kamshaf ɗin bai yi ba, aron motsinsa kawai ya yi. Wallahi duk lokacin da na zana wannan a takarda sai na ƙara jinjina wa tsohon.

Ya kai wa tsohon kamfaninsa, ba su karɓa ba. Wani kamfani a jihar Connecticut mai suna Jacobs, wanda sana'arsa ƙera bakin da ke riƙe tsinken injin huda ƙarfe, shi ya ɗauka, ya fito da shi kasuwa a 1961. Daga sunan ne direbobi suka laƙaba masa Jake Brake. Ƙarar nan mai kama da harbin bindiga da wasu manyan motoci ke yi a gangara, iskar ce ke tserewa. Ƙarar ta sa garuruwa da yawa a Amurka sun kafa allunan hana amfani da shi a cikin gari. Clessie ya wallafa tarihin rayuwarsa a 1967, ya rasu a Sausalito ranar 17 ga Agusta, 1968, yana da shekara 79, yana kan gwajin wani sabon inji.

Bai ga a-kori-kura mai sunansa ba. Sai a 1989 kamfanin Dodge ya sa injin Cummins mai lita 5.9, silinda shida a jere, a motarsa Ram, da ƙarfin doki 160. Wannan injin da magajinsa mai lita 6.7 su ne waɗanda ake yi wa canjin kamshaf a bidiyon da ake musu a kansu. Ga yadda nake kallon abin.

A motar fetur kamshaf na iya sauya inji gaba ɗaya, don ƙarfinta ya dogara da yawan iskar da za ta iya shaƙa da kanta a babban gudu. Injin dizal mai turbo ba haka yake samun ƙarfi ba. Ba ya juyawa da sauri sosai, iskarsa turbo ke dura masa, ƙarfinsa kuma na bin yawan man da famfo da injekta suka harba da lokacin da suka harba shi. Ga kuma matsalar wuri: saboda tsananin matsi, fistin na zuwa dab da bawul, don haka ba ka da filin ƙara tsayin tozo yadda kake so sai ka sassaƙe kan fistin, in ba haka ba su yi karo, ka yi asarar inji. Abin da kamshaf ɗin kasuwa mai kyau ke iya yi shi ne ya sa turbo ta kama da wuri, ya ɗan rage zafin hayaƙi da baƙinsa. Amfani ne na gaske, amma ba shi ne dokin da ake nunawa a talla ba.

Sai aikin kansa. A wannan injin kamshaf na cikin bulok ne, ta gaba ake zaro shi, sai an sauke lagireto da duk abin da ke gabansa. Ƙananan ƙarafan da ke zaune a kan tozayen kuma ta ƙasa suke fita, don haka makanikai kan cusa musu sandunan katako ta sama su ɗaure, kada su zube cikin inji. Yawanci sai an haɗa da sabbin waɗannan ƙarafan da sifirin ɗin bawul masu ƙarfi. Wanda ya riga ya ƙara turbo da injekta, yana gasar jan kaya, ko kuma injinsa na kwance a buɗe ana yi masa garambawul, to kwalliya na iya biyan kuɗin sabulu. Mai motar aiki da ke ɗaukar buhuna, kamshaf ne abu na ƙarshe da zan ce ya taɓa. A wajenmu ma, inda ƙura da gurɓataccen man gas ke kashe injekta da turbo, kuɗin ya fi amfani a filta mai kyau, da gwajin nozul, da daidaita bawul da lokacin famfo. Hilux ɗin dizal da ta rasa ƙarfi a hanyar Zinder ko Gusau, da wuya ka buɗe ka tarar laifin siffar tozo ne.

Wani abin kuma, wannan injin na a-kori-kura ba shi da tozo na uku. Famfon Bosch ne ke harba masa mai, daga 2003 kuma aka koma tsarin bututun mai guda mai matsi wanda kwamfuta ke sarrafawa. Saboda haka babu motsin da za a ara, kuma birkin da Clessie ya ƙirƙira ba ya cikin motar da ta fi kowace yaɗa sunansa a wajen talakawan Amurka. Masu lita 6.7 da suka fara fitowa a 2007 da turbo suke riƙe kansu a gangara: fukafukan cikinta ke tsukewa su toshe wa hayaƙi hanya.